Rijiya Ɗaya Mai Zurfi: Abin da Binciken Ƙashin Kai Ya Koya Mini Bayan HND

 Da editan mujallar nan ya tare ni a bakin laburare ya ce lallai sai na rubuta wa ƙannena wani abu kan karatun gaba da HND, na so in zille. Amma da na tuna wahalar da na sha don ban samu mai faɗa mini gaskiya da wuri ba, sai na ce to, bari in zauna in rubuta.

Ni ma a nan na yi ND da HND, a sashen koyon aikin jarida. Bayan bautar ƙasa na yi PGD a nazarin Hausa, daga nan na wuce digiri na biyu a ɓangaren al'ada. Na san da yawa cikinku irin wannan hanya kuke hange. Wani tarihi zai koma, wata adabi, wani harshe, wata nazarin addini. Duk inda ka nufa a waɗannan fannoni, akwai abu ɗaya da ke jiran ka a gaba, shi ne binciken ƙashin kai. A nan ne mutane suke maƙalewa. Na ga masu ƙoƙari, waɗanda suka cinye duk jarrabawar aji, sun kwashe shekara huɗu ko biyar a kan kundin da ya kamata a gama cikin shekara ɗaya, wasu ma har wa'adinsu ya ƙare suka tafi hannu rabbana.

Wane irin aiki ne wannan?

Mu nan mun saba da furojet. Malami ya ba ku take, ku haɗu ku uku ko ku biyar, a raba takardun tambayoyi, a zana tebur, a yi babi na ɗaya zuwa na biyar, a shiga difens, shi ke nan. A digiri na biyu ba haka abin yake ba. Za ka yi kamar shekara guda kana shiga aji, daga nan sai a sake ka. Babu jadawalin lakca, babu handawut, babu kilas-ref da zai turo saƙo cewa gobe akwai tes. Za a haɗa ka da malami mai duba aikinka, wanda muke kira sufabaiza, amma wataƙila sau ɗaya a wata za ka gan shi, don ba kai kaɗai ba ne a hannunsa.

Aikin yakan zo ta fuska uku: takardar da za ka gabatar a taron ƙara wa juna sani na sashe, karatun da za ka tsara wa kanka a ƙarƙashin wani malami, sai kuma babban kundin kammalawa. Dukkansu tushensu ɗaya: kai za ka nemo tambaya, kai za ka nemo shaida, kai za ka tsaya ka kare abin da ka rubuta. Ɗan injiniya yana da wokshof, ɗan kimiyya yana da lab. Mu namu wuraren aikin su ne gidan adana takardu, da laburare, da zauren dattijo.

Darasi na farko: ka zo da tambaya

Ranar da na kai wa sufabaizana taken bincikena har sabuwar shadda na sa. Taken shi ne "Sana'o'in Gargajiya a Ƙasar Hausa". Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "Malam, shekara nawa kake son yi a nan?" Na ce, "Biyu, ranka ya daɗe." Ya ce, "To wannan aikin mutum hamsin ne. Je ka, ka dawo mini da tambaya ɗaya wadda kai kanka ba ka san amsarta ba."

Wallahi na ji haushi. A ganina babban take shi ke nuna babban ɗalibi. Sai da na yi mako biyu ina juya maganar kafin na gane. Na rage daga sana'o'i duka zuwa rini. Na rage daga ƙasar Hausa zuwa garinmu, wani gari a kudancin Kano. Har yanzu da saura. Sai wata rana da yamma ina wucewa ta wani fili a unguwarmu da kowa ke kira Marina, na tsaya. Tun tasowata ban taɓa ganin mai rini a wurin ba, sai bakunan ramuka cike da shara, awaki na kiwo a kai. Nan take tambayar ta zo: yaushe aka daina rini a nan, me ya sa aka daina, kuma ina marinan suka koma?

Da na kai masa wannan, murmushi ya yi ya ce, "Yanzu ka fara."

Ga ma'auni uku da za ka gwada tambayarka da su. Na ɗaya, da gaske ba ka san amsar ba? In ka riga ka yanke hukunci kana neman abin da zai goyi bayanka ne kawai, wa'azi za ka rubuta. Na biyu, akwai shaidar da ƙafarka da aljihunka za su iya kaiwa gare ta? Idan takardun da kake buƙata suna Landan, kai kuma kuɗin motar Kaduna ma sai ka yi dabara, canza tambaya. Na uku, za ta amsu cikin lokacin da aka ba ka?

Kada ka ɗauka ƙaramar tambaya ƙaramin aiki take haifarwa. Polly Hill ƙauye ɗaya ta zauna ta nazarta, Ɓatagarawa kusa da Katsina, kuma littafin da ta fitar a 1972 har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. Philip Shea ya yi kundin digirinsa na uku a 1975 a kan rini da fataucin baƙin tufafi a masarautar Kano a ƙarni na 19 kaɗai. Yusufu Bala Usman a kan Katsina ya tsaya, daga 1400 zuwa 1883. Mai haƙa rami goma gajeru ƙishirwa za ta kashe shi, mai rijiya ɗaya mai zurfi shi ke shan ruwa.

Darasi na biyu: ina shaidar take?

Da yawanmu mun ɗauka bincike shi ne a buɗe waya a tambayi intanet. Ka gwada neman tarihin marinar unguwarku a can ka gani. Yawancin abin da ya shafe mu ba a taɓa ɗora shi ba, yana nan cikin fayil mai ƙura ko cikin kan wani tsoho. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ga wuraren da ya kamata ka sani tun yanzu. A Kaduna akwai reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ɗaya daga cikin manyan rassa uku tare da na Ibadan da na Inugu. A nan fayilolin mulkin Turawa na lardunan Arewa suke. A Kadunan dai, kan titin Rabah, akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970, kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariya akwai laburaren Kashim Ibrahim. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, da gidan tarihi na Gidan Makama, da Gidan Mambayya ga mai nazarin siyasar Malam Aminu Kano da NEPU. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Kada kuma ka manta da tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma wasiƙun masu karatu da ke ciki taska ce ga mai son jin abin da ke damun mutane a wancan zamani.

Kafin ka tafi, karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka riƙe katin shaida. Ka tanadi kwana uku aƙalla, domin ranar farko a duba kundin sunayen fayiloli take ƙarewa. Ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya. Kuma duk takardar da ka taɓa, rubuta lambar fayil ɗinta da shekararta da shafinta nan take. Ni na yi sakaci da wannan a zuwana na farko. Na kwafo bayani mai kyau ban rubuta lamba ba, da sufabaiza ya ce "daga ina?" sai na yi tsuru-tsuru. Kuɗin mota na biyu ne ya koya mini hankali.

Idan kana iya karanta ajami ko Larabci, ka riƙe wannan baiwa da kyau. Abin da ka koya a makarantar allo zai buɗe maka ƙofar da mai Turanci zalla ba zai iya shiga ba. Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, a kan rubuce-rubucen Larabci na malamanmu ya gina aikinsa, musamman waɗanda ya karanta a wurin Waziri Junaidu.

Darasi na uku: ita ma shaidar a yi mata tambaya

Samun takarda ba shi ne samun gaskiya ba. Duk abin da ka karanta ka tambaye shi: wa ya rubuta ka, yaushe, don me, wa ya faɗa masa?

Misali, rahotannin da Di'o-Di'o suka riƙa rubutawa a kan gundumomi suna ƙunshe da ƙidayar mutane da dabbobi da masu sana'a. Amma don kimanta haraji aka yi su. Tun kafin zuwan Turawa ma akwai kuɗin karofi da ake karɓa a kan ramukan rini a Kano. To kai a ganinka, in baƙo ya zo da tafinta yana ƙirga ramukanka don a yanka maka haraji, duka za ka nuna masa? Saboda haka adadin da ke cikin irin wannan rahoto ka ɗauke shi da taka-tsantsan.

Ga wani misalin. Ana yawan cewa marinar Ƙofar Mata a Kano an kafa ta a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ɗan jarida zai iya rubuta haka ya wuce. Kai mai bincike aikinka ne ka bi sawu: a wane rubutu wannan shekara ta fara bayyana? Daga bakin wa? Abin da Clapperton ya gani a Kano a 1824, da wanda Barth ya gani a 1851, shaida ce ta ganau cewa rini ya bunƙasa a ƙarni na 19. Abin da ya gabaci haka kuwa wata irin shaida yake buƙata daban. Ba ƙaryata kowa ake so ka yi ba. Ana so ka bambance wa mai karatu tsakanin abin da aka tabbatar da abin da aka gada ana faɗa, kowanne ka ajiye shi a mazauninsa.

Darasi na huɗu: dattawa ba sa jira

Wannan shi ne darasin da ya fi yi mini ciwo. Da na fara tambaya a unguwa, kowa sai ya ce in je wurin wani dattijo, shi ne na ƙarshe cikin waɗanda suka riƙe karofi da hannunsu. Na same shi a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan gidan wa nake. Ya ce, "Ai na san kakanka. Zauna, ɗan nan." Ya yi kusan awa biyu yana ba ni labari: yadda ake shafe rami da laso, yadda ake haɗa baba da toka da katsi, yadda ake motsawa da muciya kwana da kwanaki har ruwan ya nuna, yadda marini ke gane ya nuna ta kumfa da wari, da yadda ake kai tufa wurin mabuga a buga ta da shuni har ta yi ƙyalli. Ya lissafo sunayen masu ramuka ɗaya bayan ɗaya.

Ban ɗauki muryarsa ba. Ban ma rubuta komai ba. A raina na ce wannan gaisuwa ce kawai, bari sai an amince da tsarin bincikena, in shirya tambayoyi masu kyau, in dawo da rikoda. Da zan tafi ya ce, "Ka dawo da wuri, akwai saura." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Hidimomi suka taso, wata huɗu suka wuce. Ranar da na koma da tambayoyina a buge cikin fayil, tabarmin zaman makoki na tarar a ƙofar gidan. Allah ya jiƙansa da rahama. Sunayen nan da ya lissafo, uku kawai na iya tunawa.

Daga baya na karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, littafin bai fito ba sai 1954. Da Mary ta ce bari sai baɗi, da shi ke nan.

Don haka ga abin da nake yi yanzu. Tun zuwan farko nake neman izini in ɗauki murya, in bayyana abin da zan yi da ita, in kuma tambaya ko mutum ya yarda a ambaci sunansa. In ya ce a'a, to a'a ce. Ina zuwa ta hannun wanda ya sani, ina riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ba na zuwa lokacin salla ko cin abinci. Ba na katse tsoho in ya ɗauko wata hanya, sau da yawa a can zinariyar take. Da na dawo gida, a daren nan nake kwafe muryar zuwa wuri biyu, in rubuta suna da wuri da kwanan wata, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Wata dabara kuma: kada ka tambayi tsoho "a wace shekara?" Zai ba ka lamba don ya faranta maka. Ka tambaye shi da abin da ya faru. Lokacin Sarki Sanusi ne, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, ko Ado Bayero ya riga ya hau? Kafin rasuwar Sardauna a 1966 ne ko bayanta? An yi canjin hannu na 1972? Da fam da sule ake ciniki, ko naira ta 1973 ta shigo? Kafin kashe Murtala a 1976? Da irin wannan za ka tsayar da lokaci ba tare da ka tilasta wa kowa ƙirƙira ba.

'Yan'uwa mata, ku kuna da wata dama da mu ba mu da ita. Mijin Mary Smith shi ne babban mai binciken, amma ba shi da ikon shiga cikin gida, ita ta shiga. Ni ma sai da na roƙi ƙanwata ta zauna da tsofaffin matan unguwa, kuma daga wurinsu muka ji batun kaɗi da sayar da zare, wanda ko namiji ɗaya bai ambata mini ba.

Darasi na biyar: ka bar shaida ta canza maka ra'ayi

Na shiga aikin da tabbacin cewa yadin kamfani mai araha ne ya kashe marinarmu. Wasu dattawan sun faɗi haka. Amma wasu suka ce masu sayen baƙin rawani da turkuɗi daga arewa ne suka ragu bayan farin shekarun 1970. Wasu suka ce da garin rini na kanti ya yawaita, mutum na iya rini a cikin gida da ganga, ba ya buƙatar rami. Wani kuma ya ce mini, "Mu muka kashe ta, da muka sa 'ya'yanmu boko muka ce kada hannunsu ya yi baƙi irin namu." Amsa huɗu, kuma ba su jitu a kan wadda ta fi ƙarfi ba.

Na so in zaɓi ɗaya in binne sauran don babin ya yi kyau. Sufabaiza ya hana. Ya ce in jera su, in nuna wadda takardu suka ƙarfafa, in faɗi inda shaidata ta tsaya. A ranar difens, wannan babin ne malaman suka fi yabawa.

Lokaci, kuɗi da amana

Tunda babu mai kaɗa maka ƙararrawa, kai za ka kaɗa wa kanka. Ni na yanka wa kaina shafi ɗaya kullum bayan asuba, ko mai kyau ko marar kyau. Shafi ɗaya a rana, cikin wata uku ka haura shafi tamanin. Kada ka ce sai ka gama karanta komai za ka fara rubutu, ba a gama karatu. Duk ganawa da sufabaiza ka je da abu a rubuce, ka fito da abin da aka ce ka gyara a rubuce, ku kuma tsayar da ranar haɗuwa ta gaba. Ka yi lissafin kuɗin mota da masauki da fotokofi da bugawa tun farko. Ka nemi abokai biyu ko uku ku riƙa karanta aikin juna, domin kaɗaici yana kashe gwiwa fiye da talauci.

Sai batun amana. Mun san shagunan da ake zuwa a sayi furojet a canza suna da sunan gari. Mun san kwafe-da-liƙawa. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi guda cikin minti biyu, har su ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su a duniya. Ko ka tsallake na'urar gano satar rubutu, ba za ka tsallake malamin waje da zai dube ka ya ce, "Wannan fayil da ka ambata, me ke shafin da ke biye?" ba. Ban da haka ma, dattijon da ya ba ka lokacinsa da sirrin sana'arsa amana ya damƙa maka.

Aikin hutu

Ba sai ka samu gurbin digiri na biyu za ka fara ba. Ga aikin da nake ba kowane mai karanta wannan shafi a hutun da ke tafe. Zaɓi abu ɗaya a garinku da ka saba gani ba ka taɓa tambaya a kai ba: sunan wata unguwa, kasuwar da ta tashi, waƙar daka, tsohuwar tashar jirgin ƙasa, makarantar allon da ta fi kowace daɗewa. Rubuta tambaya ɗaya a kai. Nemi tsofaffi uku, aƙalla ɗaya mace, ka ɗauki muryarsu da izininsu. Nemi takarda ɗaya da ta ambaci abin, ko da tsohon rasit ne ko wasiƙa. Sannan ka rubuta shafi biyar: abin da suka faɗa, inda suka saɓa, da abin da kai ka fahimta.

In ka yi wannan, ranar da sufabaiza zai cire tabarau ya ce ka kawo tambaya, kana da ita a aljihu. Kuma ka fara da wanda ya fi tsufa a cikin ukun, a makon farko na hutun.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya. Wassalam.